Gambarmu Ko Ciyawar Barazil: Wacce Ta Fi Ƙara Wa Sa Nama?

Daga Wakilinmu na Arewa, Abuja

Duk wanda ya ke sana'ar fawa ko dillancin shanu a Kara ta bakin Ikko, ko Oko-Oba a Agege, ko Akinyele a Badun, ko Lokpanta a Jihar Abiya, ya san irin shanun da a ke sauke masa daga tirela tun daga watan Maris har zuwa ƙarshen Mayu. Ƙaho ne da fata da ƙashi, mutum na iya tsayawa nesa ya ƙirga haƙarƙarin sa ɗaya bayan ɗaya. Alhali kuwa kuɗin mota ɗaya ne, ko san mai ƙiba ne ko ramamme. Abin da a ke biya a shingayen hanya ma ɗaya ne. Sai an kai mayanka an feɗe sa'an nan asara ta ke fitowa fili. Mahauci ya ƙara kuɗin nama don ya fid da uwar kuɗinsa, mai saye ya yi tsaki ya ce 'yan Arewa sun cika tsada.

To, jama'a, wannan asara ba a Kara ta faro ba. Ta faro ne a dajin da san ya yi kiwo, watau a bakin ciyawar da ya ci da wadda bai samu ya ci ba. Shi ya sa a wannan makon mu ka ga ya dace mu duba maganar ciyawa, musamman tun da ta zama maganar gwamnati a nan Abuja.

Abin Da Ya Ta Da Maganar

A watan Mayu na 2021 gwamnonin jihohin Kudu su ka taru a Asaba su ka yanke shawarar hana kiwon sake a jihohinsu. Kafin nan Ekiti ta yi dokarta a 2016, Binuwai a 2017, Oyo a 2019, kuma Jihar Ikko ta sa hannu a kan tata a watan Satumba na 2021. Ma'anar wannan ita ce, hanyar da makiyayi ya saba bi ta gangarawa Kudu da rani don neman ɗanyar ciyawa ta ƙuntata ƙwarai. A nan Abuja kuma, ranar da Nyesom Wike ya kama aikin Ministan Birnin Tarayya a watan Agusta na 2023 ya faɗa cewa ba za a bar shanu su riƙa yawo cikin gari ba. Daga nan sai a watan Yuli na 2024 Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi, ya kuma kafa kwamitin gyaran harkar kiwo wanda Farfesa Attahiru Jega ya ke taya shi shugabanta. A watan Oktoba na shekarar aka naɗa Idi Mukhtar Maiha ministan sabuwar ma'aikatar.

Duk waɗannan matakai wuri ɗaya su ka nufa, watau a tsai da saniya wuri guda. Amma saniya ba ta cin doka, ciyawa ta ke ci. In aka ce ta daina bin ciyawa, tilas ne a kawo mata ciyawar inda ta ke, kuma ciyawar da za ta riƙe ta wata goma sha biyu.

Birnin Tarayya yana da wuraren kiwo guda huɗu da aka keɓe. Akwai Paikon Kore a Ƙaramar Hukumar Gwagwalada mai kadada 8,500, da Karshi mai kadada 6,000, da Kawu a yankin Bwari mai kadada 9,000, da Rubochi a yankin Kuje mai kadada 9,985. Jimla kadada 33,485 ke nan. Ƙasar tana samun ruwan sama tun daga Afril har Oktoba, abin da Katsina da Sakkwato ba su samu. Saboda haka tambayar da ke gaban hukuma da makiyaya ita ce, wace ciyawa za a shuka a waɗannan filaye wadda za ta fi ƙara wa sa nauyi?

Lissafin Damina Da Rani

Kafin mu jera ciyayin, bari mu fahimci abin da ke sa dabba ƙiba. Cika tumbi daban, gina jiki daban. A cikin ciyawa akwai wani sinadari mai gina tsoka wanda malaman dabbobi ke kira furotin. Muddin ya gaza kimanin kashi 7 daga cikin 100 na busasshen abincin, tumbin saniya ba ya iya narkar da abin da ta ci yadda ya kamata, cinta ma sai ya ragu. Ɗanyar ciyawar farkon damina ta kan kai kashi 10 ko fiye. Amma da zarar ta yi kara ta fid da kai ta bushe, sai ta faɗo zuwa kashi 2 ko 3. A lokacin nan sa na iya wuni yana tauna, jikinsa kuwa yana cin kansa. Masu bincike sun daɗe da nuna cewa shanun kiwon daji a wannan yanki su kan zubar da kashi 15, wani lokaci har 20, daga cikin 100 na nauyinsu kafin ruwa ya sauka.

Bari mu yi lissafi na misali. A ce ga ɗan bijimi Bunaji mai kilo 200 a farkon damina. In ya samu kiwo mai kyau yana ƙara rabin kilo kowace rana har kwana 180, zai shiga kaka da kilo 290. In rani ya ɗebe masa kashi 15, ya zubar da fiye da kilo 40, ya koma ƙasa da 250. Watau kusan rabin abin da damina ta ba shi rani ya ƙwace. Haka zai yi ta hawa yana sauka, shi ya sa san da ya kamata ya isa yanka a shekara uku sai ya kai biyar. Amma a ce an samu abin da zai riƙe shi a kan 290 ɗin nan har ruwa ya dawo, ko da bai ƙara ko kilo ɗaya ba, damina ta biyu za ta kai shi 380. Ashe ke nan, wanda ya ke son gwada ciyayi kada ya gwada su a watan Agusta, lokacin da kowane haki kore ne. A watan Maris a ke sanin ta ƙwarai.

Wannan lissafi ya shafi 'yan kasuwarmu kai tsaye. Cinikin Kirsimeti yana zuwa a Disamba, lokacin da shanu ke ɗauke da sauran ƙibar damina da ta kaka. Babbar Salla kuwa ta faɗo a tsakiyar Yuni a 2024, farkon Yuni a 2025, kuma kowace shekara tana matsowa baya da kwana goma sha ɗaya. Shekaru da dama masu zuwa za a yi ta ne a tsakiyar bazara, daidai lokacin da dabba ta fi ramewa, abincinta kuma ya fi tsada.

Ciyayin Ɗaya Bayan Ɗaya

Mu fara da gamba, wadda kowa ya sani, da ita a ke saƙa zana. Ba ta mutuwa da rani, saiwarta na nutsawa ƙasa ƙwarai, tana jure fari da ƙasa maras ƙarfi, kuma ko gobara ta cinye ta sai ta sake tohowa. Ita ce kan gaba wajen fid da sabon ganye da yayyafin farko, lokacin da shanu su ka fi matsuwa. Aibinta shi ne in aka bar ta ta yi tsawo ta wuce kan mutum, sai ta zama kara zalla, dabba ta tsinci ganyen ta bar saura. Tilas a riƙa sa mata shanu tun tana tsakanin gwiwa da ƙugu, a janye su ta huta kamar mako biyar ko shida, sa'an nan a komo. Irinta kuma yana da gashi, yana da wuyar shukawa, shi ya sa waɗansu su ka fi son su tsaga tushenta su dasa.

Sai kyasuwa. Ita 'yar shekara ɗaya ce, tana fitowa da sauri, dabbobi na son ta ƙwarai tun tana ɗanya, kuma in an yanke ta da wuri tana yin ingirici mai kyau. Duk wanda ya taɓa zama Kano ko Katsina ko Maraɗi ya ga dammunanta a kan amalanke. Amma da kaka ta ke mutuwa, ba ta barin kome a fili wanda zai tsare ƙasa ko ya toho da bazara.

Sai barakiyariya, wadda ita ce a ke nufi yawanci in an ce ciyawar Barazil. Tana shimfiɗuwa ta rufe ƙasa, tana jure tattakawar kofato, kuma ta fi gamba yawan ganye a kan kara. A ƙasa mai taki ta kan ba da nama da yawa a kowace kadada. Amma tana son taki, in babu shi sai ta yi ta raguwa shekara bayan shekara. Irinta da kuɗin waje a ke sayensa. Haka kuma akwai wani nau'inta da ke jawo wa tumaki da 'yan maruƙa ciwon hanta da saɓulewar fata in su ka dogara da ita kaɗai.

Sai ciyawar Gini, wadda masu karatunmu ke gani a gefen hanya tun daga Ilori har Ikko. Tana da yawan amfani da daɗin ci, tana kuma jure inuwar itatuwa, amma sai ƙasa mai ƙarfi da ruwa isasshe. A Abuja za ta yi kyau a kwari da gefen rafi, a kan tudu mai tsakuwa kuwa gamba ta fi ta.

Ta ƙarshe ita ce nafiya, doguwar nan mai kama da rake, wadda a ke dasa gaɓarta kamar yadda a ke dasa rake. Ba wadda ta kai ta yawan kaya a kadada, kuma a shekarun baya-bayan nan an yi ta tallan wani irinta da aka samo daga ƙasar Tailan. Amma ta yanka ce a kai wa dabba a turke, ba ta jure a sake mata garke kullum. Kuma da rani in ba ban ruwa da taki, ganyenta ya tsaya. Ta dace da mai kiwon turke da ke da fadama ko rijiyar burtsatse.

In aka auna su duka, za a ga da damina tazarar da ke tsakaninsu ba ta da yawa, kowacce tana sa sa ƙiba muddin an ci ta tana ƙarama. Da rani kuwa dukkansu sun gaza, domin ba wata ciyawa zalla da ke riƙe furotin ɗinta bayan ta bushe a tsaye.

Gambar Shika A Ƙasashen Waje

A shekarar 2016 Ministan Gona na lokacin, Cif Audu Ogbeh, ya ce gwamnati za ta shigo da irin ciyawa daga Barazil, aka yi ta ce-ce-ku-ce a jaridu. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, manyan ciyayin da Barazil ta gina arzikin namanta a kansu daga Afirka aka kwashe su. Barakiyariyar da su ke kira Marandu, wadda hukumar binciken gonarsu Embrapa ta fitar a 1984, asalinta daga Zimbabuwe ne. Ciyawar Gini da su ke kira Mombasa daga Tanzaniya aka ɗebo ta.

Daɗin daɗawa, har gambarmu tana cikin kayan. A 1973 aka ɗauki irin gamba daga Shika, kusa da Zariya, inda Cibiyar Binciken Dabbobi ta NAPRI ta ke, aka kai cibiyar CIAT a ƙasar Kolambiya, aka ba shi lamba 621. Bayan shekaru ana gwaji, a 1980 Kolambiya ta fitar da shi ga manoma da sunan Carimagua 1, Barazil kuma ta fitar da shi da sunan Planaltina. A gwaje-gwajen can, san da ke kiwo a gamba zalla ya kan ƙara kilo 90 zuwa 120 a shekara, in kuwa an haɗa gambar da tsiro dangin wake ya kan kai wajen kilo 150. A Ostireliya ma an shuka gamba don shanu, ta yi ƙarfi har ta fi ƙarfinsu, ta bazu cikin daji tana haddasa gobara mai tsanani, har a 2008 hukumar yankin arewacin ƙasar ta sa ta cikin jerin miyagun ciyayi. Hakin da mu ka raina a gida, ga shi ya tsone wa waɗansu ido.

Abin lura a nan shi ne, mutanen Barazil ba su fi mu iri ba. Abin da su ka yi shi ne zaɓe, da gwaji, da shinge, da taki, da awon dabba a kan sikeli. Kuma sakamakon nasu ya nuna inda ribar ta ke, watau a haɗin ciyawa da dangin wake.

Darasin Kachiya

Wannan ma ba sabon ilmi ba ne a wurinmu. Kowane mai kiwon turke ya san damin harawar gyaɗa ko ta wake ya fi dami uku na busasshiyar ciyawa, ya san amfanin kowa da dusa da angurya da 'ya'yan gawo. Dalili kuwa shi ne dangin wake suna riƙe furotin ko bayan sun bushe, kuma saiwarsu na ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Tun ƙarshen shekarun 1970 zuwa cikin 1980, masu bincike na cibiyar ILCA da ke da ofishi a Kaduna su ka gwada wata dabara tare da Fulani a Kurmin Biri cikin makiyayar Kachiya da kuma Abet, ƙasar da yanayinta bai bambanta da na Abuja sosai ba. Dabarar ita ce rumbun ciyawa. A kan killace kamar kadada huɗu kusa da ruga, a kwanar da shanu a ciki su tattake ƙasar su zuba mata taki, a jiƙa irin wani tsiro dangin wake mai suna sitailo a ruwan zafi don ya yi saurin tsira, a watsa shi tare da takin sufa. Da farkon damina a sa shanu su cinye ciyawar da ke neman danne shi, sa'an nan a rufe. Sai rani ya tsananta a buɗe wa shanu goma sha biyar zuwa ashirin, su ci na awa biyu ko uku kowace rana bayan kiwon daji. An ga ramar shanu ta ragu, 'yan maruƙa sun fi rayuwa, kuma masarar da aka shuka a filin daga baya ta fi yin kyau.

To, me ya hana abin bazuwa yadda aka so? Wata cutar ganye ta kashe nau'in sitailo na farko, sai da aka canza zuwa wani mai suna Verano. Bayan faɗuwar darajar Naira daga 1986 kuɗin waya da turakun ƙarfe ya fi ƙarfin talaka. Gobarar daji ta kan cinye aikin shekara a yini ɗaya. Babbar matsalar kuwa ita ce ƙasa. Ba mai kashe kuɗinsa ya shinge filin da bai tabbata zai kai baɗi a cikinsa ba.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Waɗannan matsaloli su ne ke jiran Paikon Kore da Karshi da Kawu da Rubochi. Tun da aka ƙirƙiro Birnin Tarayya a 1976, musamman bayan gwamnati ta taso daga Ikko a 1991, ƙasa a nan ta zama zinariya. Akwai ƙauyuka da gonakin Gbagyi da sauran 'yan ƙasa a ciki da kewayen makiyayan, waɗanda su ma suna da hakki, kuma duk shirin da bai zauna da su an yi iyaka bisa adalci ba, rigima zai haifar. Ga kuma rashin tsaro, domin a farkon 2024 masu satar mutane sun addabi yankin Bwari, har da Kawu. A Paikon Kore kamfanin Nestle ya kafa wurin tattara madara, abin a yaba ne. Amma hankalin kamfanoni ya fi karkata ga nono, shi kuwa bijimin da zai hau tirela zuwa Kurmi ba mai maganarsa. A Nuwamba 2024 gwamnati ta sa hannu a yarjejeniya da kamfanin nama na JBS na Barazil a kan jarin Dala biliyan biyu da rabi. Ko an gina mayankar zamani, ai sai da sa mai nama za ta yi aiki.

A ganinmu, amsar tambayar da mu ka fara da ita a fili ta ke. A kan tudu, gamba ce ginshiƙi, a haɗa ta da sitailo. Inda akwai halin sayen taki, a ƙara da barakiyariya. A fadama a dasa nafiya da ciyawar Gini saboda turke. A keɓe wani yanki a shuka waken lablab don harawa. Sa'an nan a yanke ingirici tun ciyawa ba ta fid da kai ba, a shanya, a ɗaure, a ɗora a rumfa, kada a jira sai Disamba a tara kara. A yi wa filin share-wuta kafin hunturu. A kuma ba dabba maganin tsutsar ciki da na kaska da na sammore, da gishiri da kanwa, domin san da tsutsa ke ci ba ciyawar da za ta yi masa amfani.

Hukuma kuwa aikinta uku ne. Ta ba makiyayi takardar zama ta shekaru masu yawa don ya yarda ya shinge ya shuka. Ta ba NAPRI da jami'o'inmu kuɗin yawaita irin gamba da sitailo da lablab a gida, a kuma yi filin gwaji a kowace makiyaya, a jera ciyayin nan gefe da gefe, a riƙa auna shanun kowane wata a gaban masu su, tun da gani ya kori ji. Ta kuma sa sikeli a kasuwanni irin su Dei-Dei. Muddin da ido a ke cinikin sa, wanda ya wahala ya ƙara masa kilo hamsin ba lalle ne ya ga ladan wahalarsa cikakke ba.

Ku kuma 'yan'uwa mazauna Kurmi, musamman shugabannin Kara da sarakunan fawa, maganar nan taku ce. Kun ga abin da ya faru a farkon 2021, bayan rikicin kasuwar Sasa a Badun, lokacin da aka tsai da lodin shanu da kayan abinci zuwa Kudu na 'yan kwanaki, yadda nama ya yi wuya nan da nan. Sana'arku a kan bayan san Arewa ta ke tsaye. Mai ɗan jari a cikinku, maimakon ya zuba shi duka a sayen ramammun shanu da bazara, zai iya haɗa kai da ɗan'uwansa na gida su noma kadada biyu ko uku ta harawa da ingirici, su sayi bijimai da kaka lokacin da su ke da jiki, su riƙe su har Salla. Ƙungiyoyinku kuma suna da bakin da za su tambayi sabuwar ma'aikatar kadada nawa aka shuka a makiyayan Abuja, da wane iri, kuma kilo nawa sa ya ƙara a kai.

Ba a fafe gora ranar tafiya. San da za a sauke a Agege da bazara mai zuwa, a wannan daminar a ke yanke masa abincinsa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu dace, amin.